Dubiyar 'Yan Aji Uku

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya bar mini 'yata da rai bayan na cire tsammani. Ba neman tausayi ne ya sa na zauna rubuta wannan ba, na sha "sannu" har ta ishe ni. Na rubuta ne saboda malaman firamare 'yan'uwana da iyayen yara, musamman masu kyakkyawar niyya, don ni ma da kyakkyawar niyya na jawo mana abin da ya same mu.

Sunana Rabi, amma yau shekara goma sha ɗaya ba mai kirana da shi haka tsura sai surukata, wadda muke ce wa Inna. Ko maigidana Malama yake ce mini. Ina koyar da aji uku a wata firamare mai zaman kanta a Tudun Wada, gidanmu kuma yana can bayan Ƙofar Taramniya. 'Ya'yana uku. Autar ita ce Kulu, shekararta takwas a lokacin, ita kaɗai ta zo da sikila a cikinsu, kuma a ajina take.

Duk uwar mai sikila ta san irin zaman ɗar-ɗar da muke yi. Kulu ba ta wanka da ruwan sanyi ko da ana zafin da ke narka kwalta. Rigar sanyi ba ta barin jakarta. Gorar ruwanta daban, gidan sauronta ba huda ko ɗaya, in ana guje-guje a filin makaranta tana gefe a inuwa tana tafa wa wasu. Na san dokokin ciwon nan fiye da yadda na san jadawalin ajina, har nakan yi wa wasu iyaye lacca a layin asibiti ba tare da sun tambaye ni ba. Abu ɗaya ne ban taɓa sa shi cikin lissafin ciwo ba, shi ne mura. A wurina mura majina ce da atishawa, a sha citta a wuce.

Akwai wata al'ada da na kafa a ajina, kuma ni kaɗai ke yinta a duk makarantar. In yaro ya yi kwana uku bai zo ba saboda rashin lafiya, ranar Alhamis bayan an tashi sai in jera 'yan ajin biyu-biyu mu tafi gidansu dubiya. Kowa ya kawo abin da ya samu, wani lemo, wani alewa, wani sabulu. Na koya musu yadda ake sallama, yadda ake zama, yadda kowa zai matso ya riƙe hannun mara lafiya ya yi masa addu'a. Iyaye sun ji daɗin abin ƙwarai. Hedimasta ya ambaci sunana sau biyu a taron iyayen yara, ni kuwa ina sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali a ciki kaina ya kusa taɓa silin.

Da daminar bara, ana saura mako uku jarrabawa, wani yaro a ajina mai suna Bashar ya kwanta. Babansa mai sayar da atamfa ne a kasuwa. Ranar Alhamis ina jera yara a bakin aji, sai ga Malama Rifkatu ta leƙo. Ita ce malamar aji huɗu, mutuniyar Filato ce, aikin gwamnati ya kawo mijinta Sakkwato. Kafin ta shiga koyarwa ta taɓa aiki a wani ƙaramin asibiti a garinsu. Mun shaƙu da ita, kwano ɗaya muke ci da rana.

Ta ce, "Malama Rabi, me ke damun yaron nan da za ki kwashi yara zuwa wurinsa?"

Na ce, "Mura ta, da ɗan zazzaɓi. Ba wani abu ba na."

Ta ce, "A layinsu na san gida uku da duk suka kwanta. Wannan ba irin ta hanci ba ce, tana kayar da babba. Ki aika da kayan, ko ki je ke kaɗai ki gaishe su daga ƙofa."

Na yi dariya na ce, "Ke da ba ki hwashin zuwa gaida marassa lahiya ke da matan zumuntarku na coci, yau ke za ki hana mu samun lada?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mu manya ne. To in dole sai kun je, ki bar mini Kulu a nan, in kin dawo ki ɗauke ta."

Na waiwaya na dubi Kulu. Tana layin gaba, ta rungume ledar lemo a ƙirji, ta ji duk abin da aka faɗa, idonta ya riga ya cika da ƙwalla. Yarinyar da ake cirewa daga gudu, daga wasan igiya, daga sharar fili, wannan tafiyar ce kaɗai abin da take yi tare da kowa. Na ce wa Rifkatu ta bar ta, ba abin da zai faru. Ta ɗaga kafaɗa ta koma ajinta.

Mu ashirin da bakwai muka shiga gidan, har da ni. Hajiya Luba, mahaifiyar Bashar, ta tarbe mu da murna ta kai mu ɗakin da yake kwance. Ɗaki ne madaidaici mai taga ɗaya. Yaron yana kan katifa, idonsa jajir, in ya yi tari sai ka ji kamar ana yaga tsumma. Yara suka bi layi suna riƙe hannunsa suna addu'a yadda na koya musu, shi kuma yana share hanci da bayan hannun nan yana miƙa wa na gaba. Na gani da idona, kuma abin da na ji a lokacin alfahari ne.

Muna shirin tashi hadari ya taso, ruwa ya kece da iska mai ƙarfi. Ba halin fita da yara. Sanyi ya fara shigowa ta taga, sai na tuna da Kulu. Ni da bakina na ce a rufe tagar, a saki labule, a turo ƙofa. Ni da hannuna na ɗaga Kulu daga bakin ƙofa na kai ta can ƙurya inda ya fi ɗumi, na zaunar da ita a gefen katifar Bashar. Hajiya Luba ta dama fura a babbar ƙwarya ta kawo da ludayi biyu, suka yi ta zagayawa daga baki zuwa baki. Mun fi awa ɗaya a ɗakin nan, numfashinmu ya haɗu har bango yana gumi.

Ranar Litinin kujeru biyar ba kowa a ajina. Na ce damina ce, sauro ya yi yawa. Talata suka zama tara. Kulu kuwa tun ranar Lahadi da yamma ta ce kanta na ciwo, da safe jikinta ya ɗau zafi. Na aika kemis aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro da farasitamol, ban ko nemi a gwada jininta ba. Kuma saboda muna bitar jarrabawa, na ɗauke ta na tafi da ita makaranta, na shimfiɗa mata tabarma a bayan aji tana tari a kan sauran da suka rage. Wannan ma sai na faɗe shi, don ya shiga cikin laifina.

Kafin Juma'a abin ya tsallaka aji biyu da aji huɗu, don kusan kowane ɗan ajina yana da wa ko ƙane a can. A wurin taron safe in aka ce a yi shiru, tari ne ke amsawa daga kowane layi. Rifkatu ba ta ce mini "na faɗa miki" ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Bokiti ta samo da sabulu ta ajiye a ƙofar ajinta, ta buɗe tagogi duka, ta hana shan ruwa da kofi ɗaya, duk yaron da ta taɓa goshinsa ta ji zafi sai ta sa a kira gidansu. Hedimasta ya yi ta faɗa, wai iyaye za su ce ana kore musu yara ana gab da jarrabawa. Ta ce masa su faɗa.

A gida kuma Inna ta karɓi jinya. Ta dafa citta da kanumfari da lemon tsami ta zuba zuma. Ta sa aka tafasa ganyen dogon yaro, ta lulluɓe Kulu da bargo a kan tukunyar don ta yi sirace. Yarinya ta fito tana haki kamar wadda aka biyo da gudu.

Na ce, "Inna, hakin ga bai yi min ba."

Ta ce, "Ciwon na ka hita. Ku 'yan boko ba ku da haƙuri. Da wanga magani na reni ubanta, ga shi nan ƙato."

Maƙwabta ma kowa da nasa. Wata ta ce man shanu a hanci, wata ta ce tafarnuwa, wata ta ce a canja maganin sauron don na farkon jabu ne. Na canja. Maigidana yana fataucin gero, a makon yana wajen Wamakko yana awo, kullum in ya bugo waya sai in ce masa da sauƙi. Ni ma a lokacin maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, gaɓoɓina suna ciwo, amma ban kula ba.

Ranar Talatar mako na biyu da hantsi, Kulu ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta.

Ta ce, "Mama, kamar an aza min turmi nan."

Na ɗaga rigarta. Duk numfashin da ta ja sai fatar tsakanin haƙarƙarinta ta lotsa ciki, ƙofofin hancinta suna buɗewa suna rufewa. Tafin hannunta fari fat, idonta ya yi ruwan ɗorawa. Gabana ya faɗi irin faɗuwar da ban taɓa ji ba. Na san ciwon ƙafa, na san ciwon baya, na san kumburin hannu, duk mun sha su. Wannan ban san shi ba.

Na ɗauke ta a keke napep zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Layi har waje, yara ne suka fi yawa, kuma na ƙirga rigar makarantarmu guda uku a kan benci. Wata uwa ta taso ta gaishe ni da ladabi, tana cewa Allah ya saka mini da alherin da nake koya wa yaransu. Na amsa da ƙyar. Da aka zo kanmu aka gwada jini ba a ga zazzaɓin sauro ba, ashe mako guda ina ɗura mata maganin abin da babu. Nas ɗin ta sa abin sauraro a bayan Kulu, ta ɗan jima, sannan ta rubuta takarda ta ce mu wuce babban asibiti yanzu, kada mu biya gida.

A babban asibiti na ga abin da ya fi ƙarfin bakina. Yarinya tana kokawa da numfashi a kafaɗata, ana ce mini in je in yanki kati, mai yankan katin ya fita, in jira. Na yi masifa a wurin nan har murya ta dushe, kuma ban yi nadama ba. Wata tsohuwar mai shara ce, Allah ya jiƙan iyayenta, ta ajiye tsintsiya ta ja ni ta wata ƙofa har gaban likitan yara. Ban san sunanta ba har yau.

Likitan matashi ne, daga jin Hausarsa Bakano ne. Yana dubawa yana tambaya, yana rubutu. Ya ce ko akwai mai mura a gida ko a makaranta. Na ba shi labarin dubiyar, da ruwan sama, da tagar. Sai ya daina rubutu ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Malama, ga sauran yaran mura ce, za su yi mako guda su tashi. Ga mai sikila ba ƙaramar cuta ba ce. Ta sauka a huhunta, jinin kuma ya fara toshewa a can. Da kun ƙara kwana ɗaya a gida, da wata maganar muke yi."

Aka sa mata robar oksijin a hanci, aka ɗaura ruwa, aka fara allurai. Tulun oksijin ɗaya ne tsakaninta da wani jariri a gadon kusa, in ya kusa ƙarewa sai ka ga iyaye biyu muna kallon allurar ma'aunin. Maigidana ya baro Wamakko a kan babur ɗin kabu-kabu, ya iso da ƙaiƙayi a rigarsa. Bai yi mini faɗa ba. Ya tsaya a kan gadon ya daɗe, sannan ya ce, "Malama, ke kinka ce min da sauƙi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, daga ranar har yau.

Aka ce sai an ƙara mata jini. Nawa da nasa ba su yi ba, tunda daga gare mu ta gaji ciwon. Abokansa na kasuwar hatsi mutum huɗu suka zo, ba wanda ya dace. Da la'asar sai ga Rifkatu da kular abinci, ta ji ana maganar, ta miƙa hannu aka gwada, nata ya yi daidai. Da aka gama ɗiba jiri ya kwashe ta, ta zauna a ƙasa tana cewa in ba a sayo mata lemon kwalba mai sanyi ba za ta karɓi abinta. Na durƙusa zan yi mata magana, kuka ya ci ƙarfina. Ta ce, "Tashi, mutane na kallo. Ki je ki wanke hannu kafin ki taɓa ta."

Washegari zazzaɓi ya kayar da ni. Likita ya ji tarina daga bakin ƙofa, ya ce in fita daga ɗakin yara, kada in dawo sai na yi yini da kwana ba zafin jiki ba tare da na sha magani ba. Na roƙe shi, na ce zan sa takunkumi. Ya nuna mini jaririn gadon kusa ya ce, "Shi ma ɗan wata ne." Kwana uku na yi a gida ina rawar sanyi, 'yata tana can tsakanin rai da mutuwa. Inna ce ta zauna da ita. Tsohuwar da nake ganin ta cika gardama, ita ta yi kwana uku a kan tabarma a ƙarƙashin gado, ta koyi karanta ma'aunin oksijin, ta riƙa tare nas-nas a hanya in lokacin allura ya wuce. Duk abin da na taɓa faɗa a kanta a zuciyata, na nemi gafarar Allah.

A mako na uku sai abubuwa suka fara kyau. Zazzaɓi ya sauka, aka cire robar hanci, Kulu ta ce tana son ƙosai. Hedimasta ya rufe makaranta na mako guda bayan malamai biyu sun kwanta, aka ɗaga jarrabawar da ake ta tsoron ɗagawa. Labari ya zo cewa Bashar ya warke har yana buga ƙwallo a layinsu. Na koma wurin jinya, likita ya ce in an ga haka zuwa jibi za a sallame mu. Na fara naɗe kayanmu.

Da safen ranar da za mu tafi, na zaunar da ita ina ba ta koko. Cokali na farko ta sha. Na biyu sai na ga kokon yana zubowa ta gefen bakinta yana bin haɓa. Na ce, "Ke Kulu, bar wasa." Ta dube ni, bakinta ya karkace gefe ɗaya. Ta ɗaga hannun dama za ta share, hannun ya faɗo kan zani kamar ba nata ba. Ta buɗe baki za ta kira ni, wani sauti ya fito wanda ba magana ba.

Inna ta dafa ƙirji ta ce, "Iska na! Wallahi iska sunka shahe ta!"

Ban tsaya sauraronta ba. Na fita da gudu ba takalmi.

Likita ya ce jini ne ya toshe wata jijiya a kanta, shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma yana faruwa ga masu sikila bayan ƙirji ya sha irin wannan wuya. Na tambaye shi ko za ta tashi. Ya ce zai yi abin da zai iya. Na tambaye shi ko za ta yi magana. Ya ce, "Ban sani ba, Malama." Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba, amma a ranar na ji kamar in shaƙe shi.

Aka sake neman jini, aka kai ta hoton kai a wani wuri daban don na'urar asibitin ba ta aiki. Geron da maigidana ya tara don ya jira tsada, duk ya fitar da shi a makon. Kwana tara Kulu ba ta ce uffan ba. Idonta kawai ke bina duk inda na yi a ɗakin. In na juya baya ina jin sa a ƙeyata. Dangi suka yi ta zuwa, wasu da rubutu, wasu da sunan mai magani a ƙauye, wani kawun maigidana har ya ce mu sa hannu mu ɗauke ta tunda ba ciwon asibiti ba ne. Inna ce ta kore shi. Ta ce a yi addu'a a nan, allura ma a yi ta a nan. A rana ta goma ina goge mata fuska, ta ce "ruwa". Kalmar ta fito a murguɗe, amma na ji ta, nas ma ta ji.

Mun koma gida a mako na biyar. Tana jan ƙafar dama, hannun dama a lanƙwashe, magana ɗaya-ɗaya. Likita ya ja mini kunne, ya ce ƙirjinta bai gama warkewa ba, wata murar a yanzu za ta iya ƙarasa abin da ta farko ta fara. Ya ce akwai allurar rigakafin mura da ake yi wa irinsu duk shekara, samunta ne da wuya a nan, amma mu nema.

Ranar Alhamis da azahar ina shanya a tsakar gida, sai na ji sallama a zaure, muryoyi da yawa a haɗe, da irin jan da na koya musu. 'Yan ajina ne. Sabuwar malamar da aka ba riƙon ajin ta ji cewa haka Malama Rabi ke yi, ta jero su biyu-biyu ta kawo su. Na leƙa. Ga su nan cike da zaure har waje, da ledojinsu, Bashar a gaba. Daga can baya wani ya ja majina, wata ta yi tari ta rufe baki da tafin hannu, hannun da za ta miƙa wa Kulu.

Na tsaya a ƙofar shiga gida na buɗe hannuwana biyu. Na ce ba mai shiga.

Inna ta fito tana gyara lulluɓi. Ta ce, "Rabi, mi kike yi haka? Ɗiyan mutane sun zaka dubiya ki tare su ga zaure? Ina anka taɓa yin haka garin ga?"

Na ce, "Inna, a ce ba ni da mutunci. Na yarda."

Yaran suka yi tsuru-tsuru. Malamarsu da ta koya musu cewa dubiya lada ce, ita ce ke korarsu. Na fito da su titi, na zagaya da su bayan ɗakin da Kulu take, na ce su tsaya nesa da taga su yi addu'arsu da ƙarfi za ta ji. Suka yi. Na ce musu ladan ya isa, kuma daga yau haka za a riƙa yi. Bashar ya ajiye ledarsa a dakali ya tafi yana waiwaye. Kwana biyu unguwa tana maganata, har wata ta ce ciwon 'yata ya taɓa mini kai.

To ga abin da nake roƙon duk wanda ya karanta. Yaron da ya tashi da zazzaɓi da tari a bar shi a gida, ko jarrabawar ƙarshe ake yi, kada a ɗura masa farasitamol a tura shi cikin 'yan'uwansa. Ajin da aka fara tari a buɗe tagoginsa, sanyi ana maganinsa da riga. A ajiye ruwa da sabulu a ƙofa, kowa ya zo da kofinsa, a koya musu yin tari a lanƙwasar hannu. Malami ya san waɗanne ne masu sikila da masu ciwon ƙirji a ajinsa, don abin da zai wuce a kan yara ashirin da biyar zai iya tsayawa a kan ɗaya. Ban ce a bar dubiya ba. Babba ya je, ya tsaya daga nesa, yara su aiko da gaisuwa a takarda. A ajina duk sun warke, ba wanda ya rasa ko farce, sai tawa.

Yanzu wata bakwai ke nan. Maganarta ta dawo, sai in ta gaji take sarƙewa. Ƙafar tana samun sauƙi da gashin ƙashin da ake mata a asibiti. Hannun dama ne dai har yau bai riƙe komai ba, don haka muka koma farko da hagu, baƙi ɗaya-ɗaya kamar 'yar aji ɗaya. An ce zangon gobe za ta iya komawa makaranta.

Makon jiya muna zaune a tabarma tana kwafar sunanta, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Mama, in na koma kar ki aje ni kusa da Bashar. Ba ni ƙara yi mai magana."

Na ce, "Don mi?"

Ta ce, "Na ji su Gwaggo suna hwaɗin wurinshi na kwaso. Shi ya ɓata min hannu."

Da na yi shiru da ya wuce a haka. Yaro ne, zai manta, ita ma wataƙila ta manta. Na ji zuciyata tana ba ni shawarar in yi shirun. Na ajiye abin da ke hannuna na matsa kusa da ita.

Na ce, "Bashar kwance yake gidansu, bai kira kowa ba. Ni na kai ki. Malama Rifkatu ta ce in bar ki makaranta, na ƙiya. Ni na sa anka ruhe taga, ni na ɗauke ki na aje ki kusa da shi. In akwai wanda za ki yi hushi da shi, ni ta."

Ta daina rubutu. Ta daɗe tana kallon hannun daman da ke kwance a cinyarta, sannan ta ɗago ta dube ni. Na jira duk abin da za ta faɗa, na san na cancance shi. Ba ta yi kuka ba. Ta mai da fensirin kan takarda, littafin ya goce daga gwiwarta.

Ta ce, "Riƙa min littahin, Mama. Zamewa yakai."

Na sa hannu biyu na riƙe mata, ta ci gaba da rubutu.